Zaman Bitar da Malam Sallau Ya Soke

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wata jami'a da ba zan ambata ba. Malam Sallau sunansa. Shekarar da jami'ar ta karɓi baƙuncin taron masana haɗa kwamfutoci, shi aka ɗora wa shirya zaman bita: wa zai koyar, a wane ɗaki, da wane lokaci. Aiki ne da manya ke gudu, domin ba a ɗaukar hoto a cikinsa.

Ku saurara. Shi ma yana da zaman da zai gabatar, kuma da shi za a duba masa ƙarin girman da ya yi furfura yana jira.

Ranar taro babban baƙo bai iso ba sai da rana ta take. Aka yi jawabi. Aka yi jawabin godiya ga jawabi. Mutanen da ke aika saƙo ƙetaren teku cikin ƙiftawar ido suka kasa gajarta gaisuwa! Lokaci ya tafi, dole a soke zama ɗaya.

Farfesa Makama, shugaban kwamitin taron, ya ja shi gefe.

"Sallau, cire yarinyar nan ta ƙaramar kwaleji, Ladidi."

"Ranka ya daɗe, daga nesa ta taso. Asibitocin ƙauye ta haɗa da na birni ta intanet, za ta nuna yadda ta yi."

"Wa ta sani a nan?"

"Ba kowa."

"To! Ko nawa za ka cire?" in ji Farfesa, yana dariyar da babu wasa a cikinta.

Malam Sallau bai cire na Farfesa ba, bai cire na Ladidi ba. Nasa ya soke, ya ba ta ɗakinsa.

Ba a nan ta tsaya ba. Kan wayar intanet ta ɗakin ya karye, da an saki sai ta zare. Malam Sallau ya tsuguna jikin bango ya riƙe ta. Ladidi ta ɗauka mai gyaran lantarki ne.

"Baba, don Allah kada ka motsa."

"Ba zan motsa ba, Malama."

Bai motsa ba har ta gama.

Na ga kuna jira in ce an saka masa. Marigayiya matata takan ce ina ɓata labari da gaskiya. Ƙarin girma ya wuce shi. A jawabin rufewa an gode wa babban baƙo, wanda ya yi barci a kujera. Sallau ko sunansa ba a kira ba. Ladansa yana wurin Wanda ba Ya barci.

Darasin ke nan: adalci shi ne kada ka ɗora asara a kan wanda ba shi da kowa don kawai ba zai iya kai ƙara ba. Gobe a ofis, ko a kwamitin masallacin nan, za a ce a rage mutum ɗaya. Ku dubi inda hannunku zai fara nufa. Ni na riga na sani. Ku ne ba ku duba ba.