Walƙiya Ba Ya Sassarfa

Akwai wani tela da ake kira Walƙiya. Tun a makaranta ya samo sunan, lokacin da babu mai shan gabansa a tseren mita ɗari. Shekara ashirin da biyu ke nan da wucewar wannan zamanin, amma lambar yabonsa tana nan rataye a ƙusa saman keken ɗinkinsa. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labarinta kafin a auna shi.

Zaman keke kuwa ya yi aikinsa. Walƙiya ya ajiye teɓa, har sai ya ja kujera baya kafin ya samu wurin zama.

Yana da ƙane guda, Auta, wanda shi ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu. Ƙodojin Auta duka biyu suka daina aiki, sau uku a mako ake kai shi wankin ƙoda. Aka gwada 'yan uwa kaf, ƙodar Walƙiya kaɗai ta dace.

Likita ta ɗora Walƙiya a sikeli, ta girgiza kai.

"Malam, ƙodarka ta dace, amma ba zan yi maka aiki da wannan kitsen ba. Ka rage kilo goma sha biyu. Na ba ka wata huɗu. Ƙanenka jikinsa yana ƙara rauni, kada mu wuce haka."

Walƙiya ya yi dariya. "Likita, da kin san ko ni wane ne! Wata biyu ma ya yi yawa."

Auta na zaune a gefensa, ya kama hannunsa da ya kumbura. "Kwantar da hankalinka. Ni ne fa."

"Na sani, Yaya," in ji Auta.

A shagon da ke jikin nasa akwai wani dattijo mai gyaran agogo. Shi ma da mai tumbi ne, ciwon suga ya koya masa hankali. Kullum da sassafe yana zagaya filin ƙwallon da ke bayan layinsu da sassarfa, a hankali, har na tsawon awa guda. Da ya ji labari sai ya shigo shagon Walƙiya ya zauna a benci.

"Ɗana, ka zo mu riƙa fita tare. Ka fara da kilomita biyu, tafiya haɗe da sassarfa. Kowane mako ka ƙara kaɗan har ka kai biyar ko shida, kwana biyar a mako. Ma'auninka bakinka ne. In kana gudu ka kasa hira, to ka yi sauri da yawa. Sannan ka rage loma, don ƙafa ba ta iya kwashe duk abin da baki ya tara."

Walƙiya ya nuna lambar da ke bango da almakashi.

"Baba, sassarfa? Ni? Gudun da ake hira a cikinsa ai yawo ne."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ƙarasa karin maganar mana, Baba, ka tsaya a rabi."

Dattijon ya tashi ya koma kan agogonsa.

Shi dai Walƙiya ya yi imani gumi kitse ne da ke narkewa. Da yake tela ne, sai ya sayo ledar rigar ruwa ya ɗinka wa kansa riga da wando, har da roba a wuya da hannuwa don kada iska ta shiga. Ɗinkin ya yi kyau, wannan ba za a hana shi ba.

Da safe sai ya je filin ƙwallon, ya tsaya a wannan raga ya kwasa da gudu zuwa waccan. Sau huɗu, ya zube yana haki kamar zai shiɗe. Gaba ɗaya bai kai minti goma ba. In ya zo wuce dattijon sai ya ɗaga murya:

"Hawainiya, ba hanya!"

Yana dawowa ya hau sikeli, ya ga kilo ɗaya ya tafi, ya yi ta nuna wa mutane. Kafin rana ta take ya sha ruwa ya mayar da abin da ya zubar, ya kuma ci ninkin abin da ya saba, wai jiki ya yi aiki. Washegari allurar sikelin ta koma inda take. Sai ya ce sikelin ne ya lalace.

A mako na uku ya hango wasu masu motsa jiki sun tsaya suna kallonsa. Kai ya kumbura. Ya ƙara wuta, ya manta ƙafar ɗan shekara arba'in ce ke ɗauke da shi. Sai ya ji ɗas a bayan diddigensa, kamar an jefe shi da dutse.

Agara ta tsinke.

Masu kallo suka watse. Hawainiyar ce ta rage, ta ciccibe shi zuwa bakin titi.

Mako takwas ya yi ƙafa a ɗaure, ya ƙara wasu makonni yana dogara sanda. Zaman gida, baƙin ciki, ga abinci kusa. In Auta ya kira waya sai ya ce, "Saura ƙiris." Ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi.

Ranar da wata huɗu ya cika, sikelin asibiti ya nuna ya ƙara kilo ɗaya.

Likita ta cire tabarau. "Ba zan jefa rai biyu a haɗari ba. Je ka sake farawa, mu kuma mu yi ta riƙe ƙanenka iya ƙoƙarinmu."

Walƙiya ya kasa haɗa ido da ƙanensa. Auta ne ya yi magana, da murya ƙasa-ƙasa.

"Ba komai, Yaya. Da muna yara kai ke riga ni isa ka tsaya jirana. Yau ni zan jira ka."

Wannan maganar ta fi tsinkewar agara ciwo.

Washegari ya jefar da rigar leda. Ya je ya tsaya a ƙofar mai agogo, kansa a ƙasa.

"Baba, ka yafe min. Koya min sassarfar."

Dattijon bai yi masa gori ba. Suka fara da kilomita biyu, suna tafe suna hira. Suka kai uku, suka kai biyar. Ya rage loma. Ga mamakinsa kitse ya soma tafiya, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Zuwa mako na bakwai ya zubar da kilo biyar.

A makon ne zazzaɓi ya shiga jinin Auta ta bututun wankin ƙoda. Kwana uku ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Kowa ya ce wa Walƙiya ajali ne. Ya yarda, ai musulmi ne. Amma zuciya ba ta jin lallashi a kan abin da ta san da hannunta a ciki.

Bai daina fita ba, don bai san me zai yi da safiyarsa ba in ya daina. Sau uku ya rage ƙugun wandonsa da hannunsa. Wata safiya ya hau sikeli a shago, allura ta tsaya daidai inda likita ta ce.

"Ka kai," in ji dattijon.

Walƙiya ya dubi kalandar da ke bango, ya ƙirga daga ranar da ya fara sassarfa. Wata huɗu cif. Daidai wa'adin da aka ba shi tun farko.

Ya dafa gefen cikinsa, inda ƙodar take lafiya lau.

"Na kai, Baba. To wa zan ba?"

Walƙiya ya miƙa hannu ya sauke lambar yabon daga ƙusa, ya jefa ta cikin gwangwanin maɓallai.

Darasi: Sauri kan haifi nawa, girman kai kuma yakan toshe kunne a ranar da aka fi bukatarsa. Kitse ba ya tsoron gudun minti goma, naci yake tsoro: a hankali, da nisa, kullum. Kada ka raina shawara don mai ba da ita bai kai ka suna ba, wataƙila wani na jiran ka kuma ba shi da lokaci. Ku tura wa wanda kuke ƙauna, musamman wanda har yanzu yake rayuwa da labarin jiya.