'Yar-ganye da Kakarta Mai Mutuwa Duk Shekara

Dalilin da ya sa babu wanda ya taɓa ganin sheƙar 'Yar-ganye a ƙasar nan, ku matso ku ji shi. Kun san ta ai, mitsitsiyar tsuntsuwar nan mai ruwan ganye da farin zane a saman ido, wadda ke zuwa bayan kaka tana leƙen ƙarƙashin ganyen gawo kamar ta yar da allura.

A da 'yar gari ce, tana da reshenta a tsamiyar bakin tafki, fuskarta kuma babu zane. A lokacin tsuntsaye gayya suke yi. Ranar da aka yi ruwan fari sai a taru a ci shinge, garar nan mai fiffike, washegari a kama ginin sheƙa, yau ta wannan, gobe ta wancan. Dokar ɗaya ce: wanda ya ci, zai ɗauki kara.

To, 'Yar-ganye wajen ci ba ta da na biyu, amma ɗaukar kara ciwon kai yake sa mata. Tana share bakinta sai ta fashe da kuka.

"Baba Cilakowa," in ji ta ga shugaban gayyar, "yanzu aka aiko mini daga arewa, bayan sahara. Kakata ta rasu."

Kowa ya yi mata ta'aziyya, aka gina mata sheƙa don tausayi. Ita kuwa bayan tudu kawai ta zagaya, ta shige cikin sabara tana cin tsutsa har aka gama aiki. Dabarar ta yi mata daɗi, ta maimaita. Sau huɗu baiwar Allahn nan tana binne kaka ɗaya.

A shekara ta huɗun Inna Kurciya ta je neman kara, ta yi kiciɓis da ita a sabarar, baki cike.

"Ke! Nan ne arewan?"

"Wa? Ni? Haba Inna, ƙanwata kike nema. Mu bakwai ne a ɗakinmu, ko uwarmu rikita mu take yi."

Gaskiya ne kuwa, kamarsu ɗaya, magana ta mutu. Amma da labari ya kai kunnen Cilakowa, sai ya riƙe abin a ransa. Da shekara ta zagayo, aka ci shinge, kakar ta sake mutuwa, sai ya taso da tausayi, fiffikensa a shafe da farar ƙasa, ya share mata hawaye.

"Sannu 'yar nan. Allah ya sa wannan ce ta ƙarshe."

Sai da ta sauka shan ruwa ta ga zane fari fat a saman idanunta. Ta gane alama aka yi mata don a kama ta, ga shi reshen nan ne kaɗai abin da ta mallaka. Ta wanke, ya ƙi fita. Maimakon ta je ta ba da haƙuri, sai ta ɗebi farar ƙasa ta nufi 'yan'uwanta.

"Ku zo in yi muku kwalliyar da ake yayi."

Washegari aka taru a tsamiya, Cilakowa ya ce mai zane ta fito. Su bakwai suka fito. 'Yar-ganye ta sunkuyar da kai tana dariya a ciki, wai ta gama da tsoho.

Cilakowa ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To, madalla. Tun da ba a iya rarrabe ku, ba za mu wahalar da kanmu ba. Ku bakwai ɗin, da 'ya'yanku, babu mai sake ɗora kara a itacen ƙasar nan. Da rani ku zo ku ci tsutsa, ba ma hana baƙo abinci. Amma kafin ruwan fari ku kama hanyar arewa. Kakarku na can tana jira."

'Yan'uwan suka juyo suka zuba mata ido. Ƙaramarsu ta ce, "Yaya, sai ki shige gaba, ke kika saba zuwa."

Ita da ko bayan tudu na biyu ba ta taɓa leƙawa ba!

Shi ya sa har yau, da zarar hadari ya fara haɗuwa, 'Yar-ganye ke tashi ta ratsa sahara da ƙishirwa, sai can ƙasar sanyi take samun inda za ta ajiye ƙwai. Tafiyar da ta ƙirƙira don gudun ɗaukar kara guda, yanzu sau biyu take yin ta kowace shekara, kuma babu mai yi mata sannu.