Harshen da Ba Ya Cikin Baki

Akwai wata yarinya a tsibirin Kauai mai suna Kehau Tavares. Gidansu babba ne, kuma duk ranar Lahadi sai dangi sun taru a farfajiyar gidan ana gasa kifi, ana damun gwaza, ana surutu kamar za a tsaga rufin.

A ƙarshen tebur kullum akwai Baffa Benito, ƙanen mahaifinta. Kurma ne tun haihuwa. Yana yaro aka kai shi makarantar kurame a Honolulu, babban birnin da ke wani tsibirin, ya koyo maganar hannu, ya dawo gida ya tarar babu wanda ya iya ta. Sai a cika masa faranti, a ɗaga masa babban yatsa, shi ke nan an gama hira da shi. Abin yana ci wa Kehau rai ƙwarai.

Tana sakandare aka ba ɗalibai damar ɗaukar kwasa-kwasan ƙaramar kwalejin garin da yamma. Makin da ka ci yana bin ka har jami'a, ya rage maka shekaru. Ita da ɗan goggonta Ikaika suka yi rajista tare. Lissafi da Turanci dai kowa ya ɗauka, amma Kehau ta ƙara da ajin maganar kurame, ta kuma riƙe shi shekara biyu cur.

Ikaika yaro ne mai ƙwaƙwalwa, sai dai bakinsa ya fi ƙwaƙwalwar gudu.

"Ke kuma wannan kaɗe-kaɗen yatsun fa?" in ji shi. "Mu muna tara makin jami'a, ke kina koyon korar ƙuda."

Ranar da ta fara ce wa Baffa Benito da hannu, "Baffa, ina ka kamo kifin nan?" cokali ya faɗi daga hannun tsohon. Ya daɗe yana kallon ta, sannan hannuwansa suka ɓalle da zuba. Ashe mutumin nan sarkin barkwanci ne, shekara da shekaru babu wanda ya sani.

Da suka gama sakandare, su biyun suka shiga ƙaramar kwalejin da niyyar yin shekara ɗaya kacal su tsallaka aji uku na jami'a a Honolulu. Ga Kehau kuwa ba zancen gasa ba ne. Mahaifiyarta tana gyaran ɗakuna a otal, bayanta ya soma gazawa, kuma ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye:

"Kehau, shekara ɗaya zan iya riƙe ki. In kin tsallaka, dangi za su haɗa hannu su ɗauki nauyinki. In ba ki tsallaka ba, na riga na yi miki magana a wurin aikinmu."

Kehau ta duƙufa. Amma dab da ƙarshen shekara, sai ga Ikaika ya shigo gidan rai a ɓace. Wai sashen da suke nema a jami'ar ba ya karɓar kowa a aji uku sai wanda ya yi shekara biyu yana karanta wani harshe bayan Turanci.

"Mun makara, 'yar uwa," ya ce. "Ni ban yi Japananci ba, ke ba ki yi Hawayanci, harshen tsibiranmu, ba."

"To, ajin maganar hannu fa?" ta tambaya a sanyaye.

Ya fashe da dariya duk da ɓacin ransa. "Harshe aka ce, Kehau, harshe! Ba yatsu ba."

Ta yarda da shi, don ta saba jin shi ne mai sani. Ko ofishin kwalejin ba ta leƙa ba. Ta je ta gwada rigar aikin otal, ta dawo ta zauna a bakin teku inda Baffa Benito yake gyaran komarsa, hawaye na zuba.

Ya taɓa kafaɗarta. "Wa ya mutu?"

Ta bayyana masa komai. Ta ƙare da cewa, "Ba ni da harshe na biyu, Baffa."

Ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya yar da komar, ya fuskance ta.

"To, duk shekarun nan da me muke hira ni da ke? Da me na ba ki labarin kakarki? Kuka nake yi miki irin na akuya?"

Kunya ta rufe ta. Washegari da safe ya sa rigarsa mai furanni ta zuwa biki, ya tuƙo tsohuwar motarsa, ya kai ta har ofishin Malama Fujimoto, mai ba ɗalibai shawara. Kehau ta soma kame-kame, shi kuwa ya tsaya a kanta yana zungurin ta da hannu: "Tambaye ta! Ki daina zagaye-zagaye!"

Malama Fujimoto ta saurara, ta dube su biyun suna gardama da hannu, ta yi murmushi.

"'Yata, wa ya ce miki ba harshe ba ne? Jami'ar tana karɓar sa kamar kowane harshe. Sharaɗin nan kin cika shi tun kina sakandare. Sauran makinki ma sun isa. Me ya hana ki zuwa tun tuni?"

Kehau ta juya ta fassara wa baffanta. Tsohon ya ɗaga hannuwa sama yana kaɗa su, tafin kurame ke nan, har ɗaliban da ke jira a waje suka kama taya shi.

Rigar otal ta koma inda ta fito. Ranar tafiya, dangi suka cika filin jirgi, aka yi ta rataya mata sarƙar furanni har ba a ganin haɓarta. Mahaifiyarta tana kuka tana dariya. Abu ɗaya ne ya rage yana damun Kehau: in ta tafi, wa zai yi hira da Baffa?

Sai ga Ikaika ya matso yana sosa ƙeya. Shi dole ya ƙara zama a kwalejin don neman harshe, kuma ajin korar ƙudan ya shiga. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya yi mata alama.

Baffa Benito ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki.

"Me na ce?" Ikaika ya tambaya a tsorace.

"So kake ka ce a sauka lafiya," in ji Kehau. "Amma cewa ka yi kana jin yunwa."

Baffa ya kama yatsun yaron ya gyara masa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dubi Kehau ya ce, "Tafi abinki. Wannan dai sai na yi da gaske, amma na samu abokin hira."

Darasi: Kada ka raina ilimin da wani yake nema don ya kyautata wa ɗan uwansa, domin alherin da ka yi ba da lissafi ba yana iya zama shi ne zai buɗe maka ƙofa. Kuma kafin ka fid da rai, je ka tambayi waɗanda suka sani, ba mai yawan baki ba. Ku tura wa duk ɗalibin da kuka san yana dab da karaya.