Tasalla Mai Daddawa da Baƙuwa Mai Cikin Fari

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da ba mota ba asibiti, ana ce da ita Tasalla mai daddawa. Ku gyara zama ku saurara. Ku ma na bayan labule ku kasa kunne, don yau zancen ya fi shafarku, ko da yake mazan ma ba su tsira ba.

Ita wannan mata ba kowa ba ce a garin. Gidanta na can ƙarshen unguwa, inda warin kalwa ba zai dami mutane ba. Ta dafa kalwa, ta wanke, ta rufe, ta daka, ta shanya, ta kai kasuwa. Ba a tuna ta sai miya ta yi lami. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya Allah Ya ba ta, Ladingo, ita ma ta rasu wajen haihuwar fari, ita da abin da ke cikinta. Tun daga ranar, in Tasalla ta ji an ce wance na kan gwiwa, sai ta shige ɗaki ta tura ƙyaure, ba ta fitowa sai ta ji an sauka. Shekara tara tana haka.

Ana nan sai wani mai haƙar rijiya, Nomau, ya zo garin neman aiki tare da matarsa Hakama. Aka ba su masauki a wani kango da ke jikin gidan Tasalla, danga kawai ta raba su. Hakama na ɗauke da cikin fari, wata bakwai. Niyyarsu in ya tsufa ta koma gidan iyayenta ta haihu a can, kamar yadda aka saba. To, mutum na nasa, Allah na nasa. Damina ta sauka da ƙarfi, gulbin da ke tsakaninsu da garinsu ya cika ya batse, masu kwalekwale ma suka ɗaure jiragensu. Yarinya ta tsinci kanta a garin da ba uwa, ba gwaggo, ba wanda ya san sunan ubanta.

Kun san halinmu, jama'a. In ta je rijiya, mata su dubi cikin su fara. Wannan ta ce wance kwana huɗu ta yi tana abu ɗaya. Waccan ta ce ai irin ƙugun nan ba ya haihuwa da sauƙi. Wata ta ce ta rage ci, kada ɗa ya yi girma ya ƙi fitowa. In kuwa Hakama ta buɗe baki ta ce, "To yaya ake gane ya zo?" sai su yi dariya su ce, "Ke ba ki da kunya? Mai cikin fari na tambaya? In ya zo kya gani." Sun ba ta tsoro, sun hana ta sani.

Hakama ta daina cin abinci sai ɗan ruwan koko. Ta rame, idanu suka faɗa. Da hantsi, in miji ya tafi aiki, sai ta zauna bayan ɗaki ta yi ta kuka ƙasa-ƙasa. Tasalla tana jin ta ta cikin danga. Rana ta farko zuciyarta ta ce, ba ruwanki. Rana ta biyu ta ce, ke da kika kasa tsare taki, me za ki yi wa ta wani? Rana ta uku ta ɗauke tabarmarta ta koma can gefe don kada ta ji, amma kukan ya biyo ta. A rana ta huɗu ta kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli, ta rufe da faifai, ta zagaya ta yi sallama.

Ta ce, "'Yata, ga wannan ki taɓa."

Hakama ta ce, "Inna, an ce in na ci ɗan zai yi girma."

"Wanda zai yi noma ana hana shi tuwo? Ci. Aiki ne a gabanki."

Hakama ta ci loma biyu, ta ajiye, ta ɗago kai ta ce, "Inna, an gaya mini 'yarki wajen haihuwa ta rasu. Me ya same ta?"

Ku saurara, nan jarrabawar take. Da Tasalla ta ce ajali ne ta yi shiru, ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Shekara tara abin da take gaya wa kowa ke nan. Amma sai ta ce, "Ajali ne, ba musu. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ladingo ta fara naƙuda tun safiyar Laraba, ta ɓoye saboda kunya. Ni na koya mata kunyar. Ban taɓa zaunar da ita na ce ga abin da za ki ji, ga abin da za ki yi ba. Ta yi ta yunƙuri ita kaɗai tun lokaci bai yi ba, har ƙarfinta ya ƙare. Ba mu ankara ba sai Alhamis da yamma. Ko da ungozoma ta zo, ba sauran abin yi."

Hakama ta kama hannunta ta ce, "Ki rantse mini ni ba zan mutu ba."

Tasalla ta ce, "Ba zan rantse ba, rai ba a hannuna yake ba. Abu biyu zan iya yi miki alkawari. Ba za ki shiga abin nan a makance ba, kuma ba za ki shige shi ke kaɗai ba."

Ta faɗi haka, ta koma gida, ta zauna a ƙofar ɗaki. Ita da ko sunan naƙuda ba ta iya ji, ta yaya za ta tsaya a kan mai yin ta? Ga shi ita kanta sau ɗaya ta taɓa haihuwa, shekara talatin da suka wuce.

Washegari ta ɗauki daddawa curi biyar ta tafi wajen ungozomar garin, wata tsohuwa ana ce mata Gwamma. Gwamma ta ce, "Tasalla, da tsufanki za ki koyi ungozomanci?" Ta ce, "Ba sana'arki nake so ba, Yaya. Abin da ya kamata uwa ta gaya wa 'yarta nake so ki gaya mini." Gwamma ta dube ta, ta gane, ta shimfiɗa mata tabarma.

Daga nan fa shiri ya kankama. Kullum da safe Tasalla ta ja Hakama su taka a hankali zuwa gindin wata tsamiya su dawo, don ƙafa ta saba, baya ya saki. Ta hana ta dakan gero da ɗaukar tulu. Ta sa ta cin wake da zogale da rama, ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishi. Ta koya mata durƙuso tana riƙe da bakin gado. Ta ce, "In ya murɗa, kada ki ƙanƙame jiki. Ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali kamar mai hura kunu mai zafi. Zai zo ya tafi, zai zo ya tafi. In ya tafi ki huta. Kada ki yi nishi sai an ce ki yi." Suka wanke tsofaffin zannuwa suka shanya a rana suka ninke, suka ajiye sabuwar aska da zare mai tsabta a cikin ƙwarya.

Ta tare Nomau a ƙofar gida ta ce tana son magana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wannan ai zancen mata ne." Ta ce, "Matan ne suka yi cikin? Ruwa daga yau kai za ka ɗebo. Ka tara itace. Ran kasuwa ka sayo mata hanta. Watan haihuwa na kamawa kada ka karɓi aiki a wajen gari, kuma kullum ka gaya mini rijiyar da kake." Ya ce, "To, Inna." Allah Ya yi masa albarka, bai saɓa ko ɗaya ba.

Da yamma kuma su zauna suna ɓarar kalwa, Tasalla ta ce, "Faɗi na yau." Hakama ta faɗi abin da ke ba ta tsoro. In ɗan ya zo da ƙafa fa? In na suma fa? In na yi ihu mutane suka ji fa? Wanda Tasalla ta sani ta amsa. Wanda ba ta sani ba ta ce, "Ban sani ba, gobe zan tambayo miki." Ba ta taɓa ce mata "ai ba komai" ba. Ta dai ce, "Da zafi, amma zafi ne mai iyaka. In kika ga jini, ko kanki ya sara idonki na duhu, ko kika ji ɗan ya daina motsi, ki kira ni ko ina salla." Su ɗaga hannu su yi addu'a, su tashi.

Wata tara ya cika, shiru. Kwana uku, kwana biyar, kwana takwas. Hakama ta fara cin abinci da kyau, amma Tasalla ce yanzu ba ta iya haɗiyar tuwo. Sau biyu kalwarta tana ƙonewa a wuta tana zaune tana kallo. Ko akuya ta yi kuka a bayan danga sai gabanta ya faɗi.

Ran nan da sassafe, an ɗauke ruwa ke nan, sai ta ji murya ta cikin danga: "Inna, ya fara."

Ta tura Nomau ya kira Gwamma. Ya dawo yana haki ya ce tana kan wata haihuwar a can wata unguwa, ta ce a riƙe yarinya, tana zuwa. Tasalla ta ɗaura ɗankwali ta nufi ɗakin. Tana isa bakin ƙofa ta ji nishin farko, ƙafafunta suka ƙi. Fuskar Ladingo kawai take gani. Ta ja da baya, ta kama danga ta riƙe, zufa na karyo mata. Zuciyarta ta ce, tsaya nan, ki riƙa yi mata magana daga waje, ai duk ɗaya ne.

Sai ta ji Hakama ta ce, "Inna, kina nan?"

Ta yi bisimilla, ta ɗaga asabari ta shiga.

Hakama ta damƙi hannunta ta ce, "Inna, hannunki rawa yake."

Ta ce, "Tsoro nake ji, 'yata. Ke ma kina ji. To mu ji shi tare, amma ba inda za ni."

Ta tashe ta suka riƙa zagaya ɗaki. In ya murɗa ta jingina da ita, Tasalla na murza mata baya tana cewa, "Hura kunu, hura kunu." In ya lafa ta ba ta ruwa ta kurɓa. Hantsi ya yi, rana ta take, aka kira azahar, ba Gwamma. Hakama ta durƙusa ta ce, "Inna, na gaji. Bari in yi nishi ya fita, ko in mutu in huta." Tasalla ta tallafo fuskarta da hannu biyu ta ce, "Ba yanzu ba. Dube ni. Wannan ɗayan kawai za mu wuce. Kada ki tuna na gaba." Suka wuce shi. Suka wuce na bayansa. Bakin Tasalla bai bar ambaton Allah ba, idonta bai bar ƙofa ba.

Gab da la'asar Gwamma ta yi sallama. Ta wanke hannu, ta duba, ta ce, "Kai ya sauko daidai, kuma ƙarfinta na nan. To yarinya, yanzu ne. Yi nishi." Sau huɗu ta yunƙura, ɗa ya faɗo, namiji. Amma bai yi kuka ba. Gwamma ta kifa shi a hannu, ta share masa baki, tana murza bayansa. Can sai ya yi atishawa, ya callara kuka. Ba a jima ba mabiyiya ta biyo.

Tasalla ta lulluɓe mai jego, ta fito tana dafa bango. Nomau na tsaye a tsakar gida yana jira. Ta ce, "An sauka lafiya, uwa da ɗa." Sannan ta zauna a kan turmi ta yi kuka mai yawa, ba wanda ya hana ta. Ita ta yi wa Hakama wankan jego har arba'in. Da gulbi ya janye, uwar Hakama ta iso tana zaton za ta tarar da kabari, sai ta tarar da 'yarta ta yi ɓul-ɓul tana shayarwa. Ta durƙusa gaban mai daddawa tana ta godiya.

To jama'a, ga abin da nake so ku ɗauka. Wannan mata ba dukiya ta bayar ba, ba ta da ita. Gaskiya ta faɗa a inda ƙarya ta fi sauƙi, ta kuma tsaya a inda ƙafarta ke son gudu. Tsoro bai bar ta ba, amma bai hana ta alheri ba.

Ku iyaye mata, kunya ado ce, amma kunyar da za ta sa 'yarki ta ɓoye naƙuda ba addini ba ce. Ku zaunar da su ku gaya musu. Ku masu zuwa barka da ziyara, in ba ku da kalmar da za ta ƙarfafa mai ciki, ku riƙe labaran tsoronku. Ku maza, cikin nan naku ne. Ku ɗauke mata tulu, ku ciyar da ita, ku bar ta ta je awo, ku tanadi abin hawa tun ranar ba ta zo ba. Tasalla ba ta da asibiti, ku kuna da shi, hujjarku ta yanke. Ke kuma mai ciki, ki shirya jikinki, ki faɗi tsoronki, ki yi tambaya, sannan ki miƙa sauran ga Mai rai. Dogaro ga Allah ba zaman jira ba ne.

Kowa ya koma gida yau ya tambayi kansa, wace ce ke kuka a bayan dangarsa. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa, Ya jiƙan waɗanda suka tafi a kan gwiwa. Ku ce amin.