Dalilin da ya sa baƙin tsuntsaye ba sa ƙwai a fadamarmu

Ku ajiye dankon nan, marasa kunya. Mutane na tasowa daga nesa da madubin hange don su kalli tsuntsayen nan, ku kuma kuna jifansu. Ku zauna, ban ce a yi magana ba.

Dalilin da ya sa ba ku taɓa tsintar ƙwan baƙin tsuntsaye a fadamar nan ba, laifin mutum ɗaya ne. Da can ba baƙi ba ne. Nan suke zaune rani da damina, suna sheƙa cikin doguwar ciyawar kacala, suna cinye fara da tsutsar shinkafa. Dokar gari kuwa, ba a sa wa kacala wuta sai 'ya'yansu sun tashi sama.

Akwai wani manomi, Cindo, mai gaggawa. Yana son ƙara faɗin gonarsa kafin kowa. Yayarsa Tabawa ta ce, "Cindo, suna kwance kan ƙwai. Ka dakata."

Ya ce, "Yaya, tsuntsu ne zai tsayar mini da ranar aiki?"

Ya kunna. Iska ta juya, wuta ta cinye kacalar kaf. Tsuntsaye suka yi ta kewaya hayaƙin suna kuka, sannan suka nufi arewa.

Shekarar nan fara ta sauka, babu mai cin ta. Shinkafa ta fara fitar da kai, kowa ya san in ta tafi, yunwa ce. Tabawa ta shiga kwalekwale ta bi ruwa har ta iske wata tsohuwar agwagwar ruwa da ta kasa tafiya saboda ƙunar fiffike. Ta durƙusa.

"Inna, ƙanena ne ya yi. Yaranmu ba su san komai ba."

Agwagwa ta ce, "Namu ma ba su san komai ba."

Tabawa ta ɗauki agwagwar. Ta kawo ta gida, tana shafa mata man kaɗanya har ta warke. Ranar tafiya agwagwa ta ce, "Zan kira su. Za mu riƙa zuwa in damina ta ɗauke, mu tafi in zafi ya shigo. Amma ƙwai, ba za mu ƙara ajiye shi inda hannunku yake kaiwa ba."

Gari ya zauna jira, ido a sama. Wata safiya sai ga su, har rana ta dushe. Suka faɗa wa fara. Shinkafa ta tsira, mata suka yi guɗa, Tabawa ta zauna a ƙasa ta ce alhamdu lillahi.

Shi ya sa har yau suke zuwa su ci, su koma su haihu a wata ƙasa. Cindo kuwa, Bulama mai gari ya sa aka fasa ruwa cikin gonarsa ta zama masaukinsu. Ya ƙare rayuwarsa yana ƙodago a gonakin mutane, bai sake yankan shinkafar kansa ba.