Sarkin da Ya Raba Masu Gardama

Ni dai, jama'a, shekaruna da yawa ina ba da labari a zauren nan, ba a taɓa samun wanda ya ce mini "ba haka ba ne." Wannan ma daga tsofaffin littattafai na gaje shi, ko wasali ban ƙara ba.

An ruwaito cewa a birnin Zarhuna an yi wasu malaman Yahudawa biyu, Shim'onu da Gidalya. Al'adarsu ba a karanta littafin shari'a mutum ɗaya. Sai biyu sun zauna, wannan ya kawo fassara, wancan ya yi ta neman inda za ta karye. Wadda ta tsira ita ce hukunci.

Wata rana Sarki ya bi ta ƙofarsu, ya ji ihu. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kullum haka suke. Wata rana za a yi kisa." Don tausayi Sarki ya kori Gidalya daga ƙasar, ya ba Shim'onu wani bafade mai ladabi ya zauna da shi.

Sai wani attajiri, Mas'udu, ya kawo ƙarar maƙwabcinsa da ya toshe masa hanyar rijiya. Shim'onu ya kawo fassara, bafade ya ce, "Gaskiya ne, Malam." Ya juya ya kawo kishiyarta, bafade ya ce, "Wannan ma gaskiya ne." Shim'onu dai ya yanke hukunci, attajiri ya rasa rijiya, gonarsa ta bushe. Daga baya Shim'onu ya gano kuskurensa.

Ya je fada yana kuka. "Ranka ya daɗe, da Gidalya na nan, kafin in rufe baki ya kama ni. Ka ba ni mai cewa gaskiya ne, ka ɗauke mini mai hana ni zalunci."

Sarki ya yi nadama, ya mayar wa attajiri hanyarsa, ya aika a nemo Gidalya. Manzanni suka tarar an binne shi. Shim'onu bai sake buɗe littafi ba. Wanda duk ba a musa masa, jama'a, abin tausayi ne.

Ina kaiwa nan sai Ɗanlasan mai aski ya ajiye askarsa ya ce, "Haba Baba Na'iya! Ranar Juma'a ka ce mana Gidalya ya dawo da ransa bisa alfadari, har Sarki ya ba shi riga."