Yayan da Ya Sauya Kujera da Ƙaninsa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ma'aikacin ofis, mai mota da rufin asiri. Ba zan kama sunansa ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. A gida shi ne Yaya, shi ke riƙe da mahaifiyarsu da ƙaninsa, wani tela gajere, shiru-shiru, wanda ko taka shi aka yi shi ke ba da haƙuri. Sai dai mutumin nan in an tashi daga aiki yakan ratse ya kurɓa. Wai ɗan kaɗan ne, na sauke gajiya. Ni dai ban taɓa ganin mashayin da ya ce da yawa yake sha ba.

Wata rana da la'asar ya biya shago ya ɗauki telan. Telan ya ji wari, ya ce ko su bar motar su hau haya, Yaya ya daka masa tsawa. A kwanar asibiti wata mata tana tsallaka titi da ledar magani a hannu. Ya nemi birki, ƙafarsa ta taka totur.

Kafin jama'a su taru ya damƙi hannun ƙaninsa ya ce, "Dawo nan ka zauna. Kai ba ka sha, ko sun gwada ka ba za su ga komai ba. Tsautsayi za a ce, gobe kana gida."

Telan ya zagayo ya zauna, don bai taɓa yi wa Yaya musu ba. Abin da giya ta mantar da Yaya shi ne yaron nan ba shi da lasisi, bai ma taɓa riƙe sitiyari ba. Kafin magariba matar ta cika.

Yaya ya ɗauko lauya, wani dattijo da ya tsufa a kan shari'ar mashaya, da 'yan ƙwaya, da masu fasa gida, da masu dukan mata. Lauyan ya duba takardu, ya tashi ya rufe ƙofar ofis, ya tura masa hoton da 'yan sanda suka ɗauka. Ya ce, "Dubi kujerar direba, tana can baya. Ƙafar ƙaninka ba za ta kai birki ba. Ba ni da wata kariya da zan ba shi sai kai."

Lauyan ya je wajen telan a tsare, ya roƙe shi ya bari a ɗaga maganar kujerar a kotu. Telan ya ƙi. Ya ce in aka ɗaure Yaya wa zai riƙe Inna? Lauya kuwa ba ya iya kare wanda ya hana a kare shi.

Yaya ya ce a zama na gaba zai yi magana. Zaman ya zo, ya zauna a bencin gaba, baki ya ƙi buɗuwa. Ya ce to na gaba. Haka ya yi ta yi har ranar da aka kira shi shaida, ya rantse, ya ce ƙaninsa ne ke tuƙi. Telan yana tsaye cikin akwatin kotu, kansa a sunkuye. Aka yanke masa shekaru.

Kullum da safe in Yaya ya durƙusa gaida Inna sai ta ce Allah ya yi masa albarka, Allah ya buɗa masa. Maƙwabta suna yabonsa, ga ɗan uwa na gari mai zaryar kotu. Ya 'yan uwa, kun san zafin yabon da mutum ya san bai cancanta ba? Wallahi gara zagi.

A shekara ta biyu tari ya kama telan a gidan yari. Aka kawo gawarsa a bayan mota, da 'yar ledar kayansa.

Sai a ranar bakin Yaya ya buɗe. Ya faɗa ofishin lauya yana kuka, yana cewa a kai shi gaban alƙali, shi ne ke tuƙi. Dattijon ya ce, "Zan iya kai ka, kuma za a iya ɗaure ka. Amma wa za a saki?"

Yaya ya dawo gida ya zube gaban Inna ya faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na sani tun ziyarar farko. Ɗana ko keke tsoronsa yake. Shi ya roƙe ni in yi shiru. Da nake cewa Allah ya buɗa maka, bakinka nake nufi."

Daga nan ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Giyar da ta ja masa wannan ita ya koma wa, har aiki ya tafi, matarsa ta kwashe yara. Yanzu yana wuni a dakalin shagon telan da ke kulle, duk wanda ya wuce sai ya tare shi ya ce shi ne ke tuƙi. Mutane su ce Allah sarki, mutuwar ƙaninsa ta taɓa shi, su wuce.

Ya 'yan uwa, kurɓa ɗaya ta ci matar mutane, shaidar zur ta ci ƙaninsa. Ƙofar tuba a buɗe take, ban isa in rufe ta ba. Amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, kuma duk biyun suna kabari. Ina zai same su? In akwai gaskiyar da kake riƙe da ita kana cewa sai zama na gaba, ka faɗe ta yau, tun wanda za ta cece shi yana numfashi.

Allah ya raba mu da abin maye, ya buɗe bakunanmu a kan lokaci. Allah ya kiyaye mu, amin.